Kwamfutar da ke nuna inda annoba za ta bi, ta san hanyoyinmu kuwa?

Ɗan Kusugu, Daura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Daura, can wajen iyaka. Aikina allurar rigakafi, duba yara, da cike takardar rahoton mako da nake aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

A wani taron ƙara wa juna sani da aka kira mu a Katsina, wani matashi ya haska mana taswirar jihar nan a bango. Ya danna wani abu, sai ga ɗigon ja a tsakiyar birnin Katsina. Kwanan wata na gudu a saman allon, ɗigon na girma, can sai ya yi tsalle ya faɗa Funtuwa, ya faɗa Daura, Malumfashi, Dutsin-ma, daga nan ya riƙa malala cikin ƙauyuka. Ya ce wannan ƙyanda ce idan ba a yi komai ba. Ya sake dannawa, ya ce yanzu an yi wa yara allura a ƙananan hukumomi kaza da kaza, sai jan ya ja baya har ya dushe.

Abin ya burge ni, amma ya bar ni da damuwa. Na zuba ido a kan yankinmu, sai na ga taswirar ta ƙare daidai Kwangwalam, bakin iyakarmu da Nijar. Daga nan zuwa sama fari fat. Alhali da yawa daga cikin matan da ke kawo min yara allura, gidajen iyayensu a tsallake suke. Ranar Lahadi je ka kasuwar Mai'aduwa ka ga mutanen Matamaye da Magarya har da na Damagaram, a kara ɗaya da namu, a rumfar mai tuwo ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a nan ya sani, in ka ji ƙyanda ta ɓulla a tsallake, to fara ƙirga allurar da ke cikin firjinka.

Tambayata ga masu ilimin abin: da me kwamfuta take sanin cuta za ta tashi daga nan ta sauka can? Wa ya gaya mata yawan masu tafiya? Idan kuma da wannan taswirar za a raba allura da ma'aikata, anya ba za a bar mu na bakin iyaka a baya ba? Sannan da na ba wani dattijo a masallacinmu labari, cewa ya yi wannan ai duba ne da na'ura. Na yi shiru, don ban san yadda zan amsa masa ba.

Malamin Lissafi, Katsina

Wa alaikumus salam Malam. Lissafi nake koyarwa, kuma na daɗe ina bibiyar wannan fannin, bari in warware maka gwargwadon iyawata.

Tushen abin ya girmi kwamfuta. A 1927 wasu masana biyu a Birtaniya, Kermack da McKendrick, suka kasa mutanen gari kashi uku: waɗanda cuta za ta iya kamawa, waɗanda ke ɗauke da ita suna yaɗawa, da waɗanda suka fita daga lissafi saboda sun warke ko sun rasu. Kullum wasu na barin kashin farko su shiga na biyu, wasu na barin na biyu su shiga na uku. Abin da ke jan ragamar komai lamba ce guda: mutum nawa mai cuta ɗaya zai shafa wa idan ya shiga jama'ar da ba mai kariya a cikinta. A ƙyanda 12 zuwa 18 ne, shi ya sa sai kusan kashi 95 cikin 100 sun samu allura kafin a tare ta. Ebola ta 2014 wajen 2 ce kawai. Annoba tana mutuwa ne yadda gobarar daji ke mutuwa, idan busasshiyar ciyawar da ke kusa da ita ta ƙare. Allura kuwa ita ce share ciyawar kafin wutar ta iso.

Wannan lissafin gari ɗaya ne. Don a ga yaɗuwa a kan taswira, sai a yanka jihar gida-gida, ko dai ƙananan hukumomi 34 ko mazaɓu 361, kowane gida da lissafinsa. Sai a haɗa su da jadawalin zirga-zirga: mutum nawa ke tashi daga Mashi zuwa Katsina a rana, nawa daga Daura zuwa Kazaure, nawa ke dawowa. Kwamfuta ta ɗauki rana ta farko, ta lissafa sababbin kamuwa a kowane gida, ta kwashi matafiya ta kai su inda za su, cikinsu har da masu ɗauke da cuta, sannan ta shiga rana ta biyu. Iyakar aikinta ke nan, maimaitawa da sauri.

Tambayarka ta biyu ita ce ta taɓo inda ciwon yake. Galibi ba wanda ya ƙirga matafiyan. Sai a yi kirdado da wata ƙa'ida: zirga-zirga tsakanin gari biyu tana ƙaruwa da yawan mutanensu, tana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. Shi ya sa ka ga jan ya yi tsalle zuwa Funtuwa da Daura kafin ya shiga wasu ƙauyukan da suka fi kusa da Katsina. An gwada ƙa'idar da bayanan ƙyanda na Ingila na shekarun da ba a fara allura ba, aka ga lallai cutar daga manyan birane irin Landan take tasowa ta gangara ƙananan garuruwa. Ƙa'idar tana da gaskiya a ciki. Amma ba ta san ranar kasuwa ba. A wurinta Mai'aduwa ƙaramin gari ne daga Litinin har Lahadi.

Game da nisa ma akwai magana. A 2013 wasu masana biyu, Brockmann da Helbing, suka nuna cewa abin da ke faɗin yaushe cuta za ta isa wani gari shi ne yawan masu tafiya tsakaninsa da inda ta taso, fiye da yawan kilomita. Mu nan mun gani da idonmu. A Afrilun 2020 cutar korona ba ta fara bayyana a Funtuwa ba, ba kuma a birnin Katsina ba. A Daura ta fara, jikin wani likita da ya dawo daga tafiya Legas, Allah ya jiƙansa, har gwamna Aminu Bello Masari ya rufe garin. Ebola ma jirgin sama ta hau daga Laberiya ta sauka Legas ranar 20 ga Yuli 2014, daga can ta tsallake jihohin da ke tsakani ta faɗa Fatakwal. Mutum ɗaya ne kowane karo. Saboda haka masu aikin ƙwarai suna saka sa'a da dace cikin lissafin, su gudanar da shi sau ɗaruruwa ko dubbai, kowane karo da sakamakonsa. Abin da aka haska muku gudu ɗaya ne daga ciki. Da za ka sake haɗuwa da matashin, tambaye shi: cikin duk gudun da ka yi, sau nawa cutar ta iso Mai'aduwa a watan farko?

Yanzu ga abin da zai faranta maka rai. Abin da ka gani da idonka, masu bincike sun tabbatar da shi, kuma a maƙwabtanka. A 2011 Nita Bharti da abokan aikinta suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Suka ga da kaka ta wuce hasken biranen yana ƙaruwa, da damina ta faɗi yana raguwa. 'Yan cin rani ke nan suna shigowa suna komawa gona. Suka kuma ga yaɗuwar ƙyanda tana hawa da sauka tare da hasken. A wani aikin nasu sun nuna cewa manyan tituna da cuɗanya da ƙasashen maƙwabta suna cikin abubuwan da ke dawo da ƙyanda gundumomin Nijar bayan ta ɓace. To taswirar ƙyanda da ta tsaya a Kwangwalam da Magama ta Jibiya tana da naƙasu babba, kuma ka yi daidai da ka damu.

A wasu ƙasashen da wayar hannu aka cike giɓin. A Kenya an bi motsin wayoyi kusan miliyan 15, ba tare da sunayen masu su ba, aka gano inda matafiya ke ɗauko zazzabin cizon sauro da inda suke kai shi, aka buga sakamakon a 2012. Sai dai a nan iyaka mutum na iya riƙe layi biyu, na nan da na can, yaran da ƙyanda ke kamawa kuwa ba su da waya.

Hajiya Mai Rahoto, Katsina

Sannu da aiki ɗana. Na yi shekaru ina aikin sa ido kan cututtuka kafin in yi ritaya, kuma ina so ka san takardar nan da kake cikewa duk mako ita ce abincin kwamfutar. Malam ya yi bayanin injin, ni bari in yi maganar abin da ake zuba masa.

Ɗauki sanƙarau. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, a yankin da ke da mutane 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu 3 cikin kowane 100,000 a mako ɗaya a shiga shiri, idan ya kai 10 an shiga annoba. Ka lura lamba biyu ce a nan. Ta sama, wato marasa lafiya, daga hannunka take fitowa. Ta ƙasa, wato yawan mutanen yankin, daga ƙidayar 2006 ake ƙiyasta ta, don tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Ka duba ƙananan hukumomin yamma irin Batsari da Safana da Jibiya, inda matsalar tsaro ta kwashe ƙauyuka ta zuba su cikin gari. Kwamfuta na nan tana lissafa mutane a ƙauyen da ba kowa, tana kuma raina cunkoson da ke gidajen 'yan'uwa a cikin gari, inda ɗaki ɗaya ya koma na iyali uku.

Ta saman ma akwai aiki. Na sha buɗe rahoton wani asibiti in ga gurbin fayau. Ba a samu ko ɗaya ba ne, ko ba a cike ba ne? Su biyun ba ɗaya ba ne, amma idan mai shigar da bayanai ya gaji, sifili zai rubuta wa duka. Daga nan taswira ta nuna wurin lafiya lau. Don Allah ko ba ka ga kowa ba, rubuta sifilin da hannunka ka aika a kan lokaci. Ga kuma yaran da ba a kawo su asibiti sam. Ƙyanda musamman, iyaye da yawa a ɗaki suke rufe yaro har sai ta fito ta gama, sai in numfashi ya sarƙe ko ido ya rufe sannan ka gan su.

Kuma ba kowace cuta ke bin tsarin da Malam ya faɗa daidai ba. Sanƙarau, kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ƙwayarsa a maƙogwaro lafiyarsa ƙalau. Sai ƙurar hunturu da zafin bazara sun zo sun busar da hanci da maƙogwaro sannan a fara faɗuwa, ruwan farko na sauka kuma ya lafa. Lissafinsa dole ya haɗa da iska da ƙura. Kwalara kuwa ruwa take bi, rijiya da gulbi da ambaliya.

Ni na ga 1996, lokacin da sanƙarau ya kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Na ga marasa lafiya kwance a kan tabarma a ƙarƙashin itace, ledar ƙarin ruwa rataye a reshe. Na kuma ga 2017, da wani nau'in dabam ya taso daga Zamfara ya shigo mana, alhali allurar da aka yi wa jama'a tun daga 2011 ta nau'in A ce kaɗai. Da a ce muna da abin da zai ce mana ku tura allura can kafin nan, ko da mako biyu ne, da an ceci rayuka da yawa. Don haka ban raina kwamfutar ba ko kaɗan. A yaƙin shan inna ai hoton tauraron ɗan'adam ne ya tono rugage da ƙananan unguwanni da ba sa cikin taswirar da muke zanawa da biro.

Direban Kwangwalam

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, mota nake ja, Daura zuwa Kano, wani lokaci Daura zuwa iyaka. Amma maganar nan ta shafe ni.

Malam ya ce ba wanda ya ƙirga matafiya. Ranka ya daɗe ku zo tasha. 'Yan kamasho sun san mota nawa ta yi lodi jiya, sun san ta yau, sun san ranar da ake kwana ana lodi. Alhamis motocinmu Maigatari suke nufa, Lahadi Mai'aduwa. Da an gama girbi samari ke cika mota zuwa Kano da Abuja da Legas, da hadari ya fara haɗuwa su ne dai muke dawowa da su. Sati ɗaya kafin sallah kuwa ba a magana.

Abu na biyu, in kwamfutarku za ta ce an rufe hanya to tafiya ta tsaya, a gyara mata. An rufe iyaka a Agustan 2019, an hana tafiya tsakanin jihohi a lokacin korona. Mu masu mota mun zauna, gaskiya ne. Amma na ga mutane suna sauka kafin shinge, su hau babur su bi ta cikin gonaki, su fito gaba su sami wata motar. Mai gona a tsallake zai bar gonarsa ne? Matar da uwarta ke jinya a Matamaye za ta jira takarda? Tafiyar ta ragu, ta yi tsada, amma ba ta tsaya ba. Ga layin dogo kuma da ake shimfiɗawa daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi. In ya fara aiki, lissafinku gaba ɗaya sai an sake shi.

Ɗan Kusugu, Daura

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Hajiya, in sha Allahu sifilina ba zai ƙara makara ba. Malam, saura maganar dattijon. Sannan na tuna lokacin korona an yi ta jin ƙiyasi masu tayar da hankali a rediyo, ba su kuma faru yadda aka faɗa ba. Mutanenmu ba su manta ba, ranar allura sukan goranta min. Me zan ce musu? Kuma ni da nake da rajista da biro kawai, akwai abin da zan iya yi da zai shiga cikin irin wannan lissafin?

Malamin Lissafi, Katsina

Ka gaya wa Baba cewa mai duba cewa yake yi kaza zai faru, ba ya kuma nuna maka inda ya samo. Wannan kuwa cewa yake yi idan abubuwa suka ci gaba yadda suke, ga inda za a dosa, kuma kowa na iya buɗe lissafin ya ga abin da aka zuba a ciki, ya ce nan kun yi kuskure, yadda kai da direba kuka yi yanzu. Ka tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan ta auku ana ciki kada a fita. Da shi Sayyidina Umar ya yi aiki lokacin da ya juya da tawagarsa bai shiga Sham ba. Sanin cewa tafiyar mutane ke ɗaukar annoba daga gari zuwa gari, tsohon sani ne a wurinmu.

Batun ƙiyasin da bai faru ba, ga misali da aka sani. A Satumban 2014 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce Ebola na iya kama mutum miliyan 1.4 a Laberiya da Saliyo zuwa Janairun 2015, idan ba a ƙara ƙoƙari ba kuma mutane ba su sauya ɗabi'a ba. A ƙarshe duk annobar ta Afirka ta Yamma ta tsaya a wajen 28,600, da mutuwar fiye da 11,000. Rahoton nan da kansa ya ce idan aka killace kashi 70 cikin 100 na marasa lafiya, annobar za ta karye. Aka gina wuraren jinya, aka sauya yadda ake wanka da binne gawa, ta kuwa karye. Lambar farko ce ta shiga labarai, sharaɗin da ke manne da ita ya faɗi a hanya. Ban wanke masu lissafi gaba ɗaya ba. A korona an ɗauko tsare-tsaren da aka gina da bayanan Turai aka ɗora wa ƙasashenmu, alhali yawancin jama'armu yara ne da matasa, cutar kuwa tsofaffi ta fi kashewa. Wannan gazawa ce ta gaske, kuma ka amsa musu ita kai tsaye.

Abin da za ka yi da rajistarka yana da yawa. Ƙyanda na ɗaukar kwana 7 zuwa 21 daga kamuwa zuwa fitowar ƙuraje, galibi wajen 14, yaro kuma yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito har kwana 4 bayan sun fito. Ja layi biyu a gefen shafi. A na farko rubuta garuruwan da yaron ya kwana ko aka je da shi a makonni 3 da suka wuce: biki, suna, kasuwa, gaisuwar rasuwa, makarantar allo. A na biyu rubuta ko wani baƙo ya sauka a gidan, kuma daga ina. Haka ma ranar allura, tambayi kowace uwa garin da take zaune yanzu, ba garin mijinta kaɗai ba.

Idan ka tara na rani ɗaya, kwafe shi ba tare da sunan kowa ba, garuruwa da ranaku kawai, ka nemi izinin jami'inku na sa ido. Ina da ɗalibai da ke neman aikin kammala karatu, manhajojin da za mu yi amfani da su, R da QGIS, kyauta ne a intanet. Direba, kai kuma ka yi mana magana da shugabannin tasharku ko za su yarda ɗalibi ya zauna da littafi ya rubuta lodin kowace rana, sati biyu da rani, sati biyu da damina. Taswirar da za mu zana za ta haɗa da Matamaye da Magarya da Maraɗi.

Direban Kwangwalam

Ba matsala Malam, zan yi wa ciyaman magana gobe bayan azahar. Sai dai ɗalibin ya iso kafin asuba, don motar farko ta Kano ba ta jiran gari ya waye.